Gidan Kujera

Talata, da hantsi

Yaya Uwaliya ta ce in daina kallon bango, in nemi abin yi. Mai takaba ba ta fita, aikin gida kuma duk an karɓe mini. Sai na ɗauko ragowar littafin makarantar ɗiyata Mashkura. Rabona da dogon rubutu tun ina aji shida a Rara, in hannun ya karkace ba mai gani.

Yaya Uwaliya yayar mijina Malam ce. Ta taho daga Achida tun ranar da anka kawo shi daga hanyar Goronyo. Ya fita da albasa, anka dawo da shi cikin tabarmar wani. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan ranar.

Jiya Liman ya zo da Faruk, ƙanen Malam, don a yi wa kayan gado ƙima. Mu huɗu ne magada, ni da Mashkura da Faruk da Yaya. Ina bayan labule ina jin su. Gida, gonar tudu, 'yar fadamar da muke albasa, awaki, littattafai, duk Liman ya san farashinsu. Ban da kujera.

Kujera ce gajera mai jingina, baƙa ƙirin, ƙafafunta shida, an yi mata ado da ƙusoshin tagulla. Ta kakan Malam ce. Nauyi gare ta, sai mutum biyu ke ɗaga ta. A kanta Malam ke zama in wanzami ya zo, a kanta nake zuba masa ruwan alwala tun da gwiwarsa ta fara ciwo. Gefen dama inda yake dafawa ya yi santsi kamar an shafa mai.

Liman ya ce, "Wagga ban san kuɗinta ba. Kuma ba a raba abin da ba a san ƙimatai ba, akwai marainiya ciki."

Faruk ya ce a bar masa, zai tambaya. Ya ɗauki hotonta da wayarsa, gaba da baya.

Alhamis, bayan la'asar

Faruk ya shigo yana haki kamar an biyo shi. Tun rasuwar bai yi mini wasa ba, da can kuwa ba ya wuce ƙofata sai ya ce tuwona ya yi gishiri. Yau daga bakin labule ya ce, "Matar Yaya, ashe kan dukiya kike shanya zane?"

Ya sa hoton a waya inda mutane da yawa ke gani. Wani ya rubuta masa cewa tun zamanin jihadi take, wani ya ce irinta Turawa ke saye da kuɗin da ya fi gidan nan da gonakin duka. Yana karanta mana yana dariya, rabonsa da dariya an jima.

Yaya Uwaliya ta ce, "Kai dai wawa na tun kana ƙarami. Wane jihadi? Kaka ya samo ta wajen wani bafatake da ya sauka gidanai, ni da kunnena na ji."

Ya ce, "To bafataken ina ya samo ta?"

Ta jefe shi da mafici.

Na ce, "Faruk, mutum nawa sunka ga hoton ga?"

Ya ce da yawa, ai haka ake so.

Ban ci tuwon yamma ba.

Asabar, da safe

Mahbuba maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta zauna, ba ta ɗauki rariyar ba. Ta ce mijinta ya ji zancen kujera a kasuwar Achida. A can cewa ake wai miliyoyi, wai har an fara ciniki. Ta ce, "Asabe, gaskiya ta?" Na ce ga ta can a rumfa, kaza na kwana ƙarƙashinta. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, kamar ba ita ce ke zama a kai tana tsince mini shinkafa ba.

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin fadama. Daga bayan katangarmu sai gonaki, sai daji. Da Malam na nan ban taɓa lura da gajartar katangar ba.

Lahadi, da azahar

Ba abin da ya faru yau.

Litinin, bayan azahar

Faruk ya kawo mai sayen tsofaffin kaya daga Sakkwato, Alhaji Lauwali. Da farar mota ya zo, ya ajiye ta ƙofar gida da rana tsaka. Yara sunka cika zaure. Na roƙi a shigo da shi ta baya, anka ce ba a yi wa baƙo haka.

Ta ɓular labule na kalle shi. Dattijo ne mai natsuwa. Ya sa anka kifar da kujerar, ya shafa ƙasanta da tafin hannu, ya nuna wa Faruk sawun gizago. Ya ce ba haɗi a jikinta ko ɗaya, daga gungume guda anka sassaƙe ta, itacen ƙirya ne, shi ya sa nauyi. Zanen jinginar ya ce hannun Nufawa ne. Ƙusoshin tagullar daga baya anka buga su. Ya ce ta girmi kakan Malam, amma ba zai rantse a kan shekarunta ba, zancen jihadi kuwa bai ga alamarsa ba. Sannan ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da zobensa yana kasa kunne. Yaya ta tambaye shi mi yake saurare. Ya ce gara, in ta ci cikin itace sauti na canzawa. Bai ji komi ba.

Ya ce, "Aiki na mai kyau, na rantse. Da shekarun baya ta, lokacin da baƙi ka zuwa, da kun ji daɗi. Yanzu wa ka zuwa? In don ni ta, kuɗin ɗan maraƙi."

Faruk ya ce mai saye ba ya yabon kaya, a mayar da ita inda take.

Ni da tawa ce da na ce a ba shi ko kyauta. Ba tawa ba ce, ba ta kowa ba ce sai an raba.

Da zai shiga mota, a gaban jama'a, na jiyo shi yana cewa, "Ka yi shawara, Malam Faruk, ina iya ƙarawa."

Allah ya sani bai yi don cuta ba.

Laraba, da hantsi

Yanzu cewa ake zinariya ce a cikin ƙafafun. Wai an ga Alhajin yana ƙwanƙwasawa yana saurare, wai nauyin nan ba na itace ba ne. Mahbuba ce ta gaya wa Yaya ta kan katanga. Ba ta shigo ba. Yaranta ma an hana su shigowa.

Na hana Mashkura zuwa Islamiyya. Ta ce, "Inna, hadda fa muke." Na ce ta yi a ɗaki. Shekararta sha biyar, ta fi ni tsawo, tafiyarta irin ta ubanta, ko daga nesa an san ɗiyar gidan wa ce.

Alhamis, da safe

Wani mai tallan gishiri ya yi sallama. Ba mu san shi ba. Yaya ta fita zaure. Ya ce, "Nan na gidan kujera?" Ta ce nan gidan Malam Jelani ne, Allah shi ji ƙanai. Ya ce amin. Ya tambaya ko akwai namiji a gidan da zai kama masa buhu. Ta ce suna ciki su uku suna barci. Ya tafi bai yi tayin gishirin ba.

Yaya ta dawo ta zauna a ƙasa, ta ce in ba ta ruwa. Ta shanye, ta ce in ƙaro.

Juma'a, bayan an sauko

Ba abin da ya faru yau. Na ji babur sau da yawa, duk sunka wuce.

Asabar, da la'asar

Malam, da kana nan da ka yi dariya, da ka ce a ba su kujerar su zauna su huta. Kai ba ka tsoron komi, ga shi nan.

Astagfirullah. Ban yi nufin haka ba.

Na shafa wurin hannunka yau da ba kowa a tsakar gida.

Litinin, da hantsi

Wayar Malam ta yi ƙara. Tun da anka kawo mana ita tare da hularsa take cikin kwalla, Mashkura ke sa mata caji don masu gaisuwa na nesa. Na ɗauka.

Murya ce ta yaro matashi, a natse. Ya ce, "Hajiya, ya haƙuri?" Na ce da godiya, wa ke magana? Ya ce, "Mun ji an yi gado. Allah shi sa albarka. Ya 'yan makaranta?"

Ya kashe.

Ban taɓa zuwa Makka ba. Ba wanda ya taɓa ce mini Hajiya, ko da wasa.

Litinin, bayan magariba

Mashkura za ta riƙa kwana gidan Liman a tsakiyar gari, cikin ɗiyansa. Ta yi kuka ta ce ba ta bari na. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba, ta tafi ba ta waiwayo ba. Ni ba ni da halin bin ta. A ɗakin miji ake takaba.

Talata, bayan la'asar

Na gaya wa Faruk zancen wayar. Ya zauna bakin ƙofa ya cire hula. Ya goge hoton a gabana, ya ce amma an riga an yaɗa shi, ba ya iya kamo shi. Ya ce, "Wallahi haƙƙin Mashkura nike tsarewa. Kar a ce Yaya ya kwanta dama an ci dukiyar ɗiyatai da arha." Na ce na sani.

Ya ce zai kai kujerar Sakkwato a yau. Ya tafi tasha. Da la'asar ya dawo shi kaɗai. Duk direban da ya ji ko wace kujera ce sai ya ce motarsa ta cika. Ɗaya ma ya ce masa, "Ka bari in mutu kan gadona."

Yaya ta ce gara da ba su ɗauka ba. In kujera ta bar gidan nan, cewa za a yi an sayar, kuɗi na ƙarƙashin katifar Asabe. Faruk ya ce to a kai masallaci. Ta ce sai a ce an kwashe na cikin an kai wa Allah ɓawo, a kuma jawo wa Liman.

In tana nan, zinariya ce. In ta tafi, kuɗi ne. Na juya zancen ta ko'ina haka yake fitowa.

Laraba, da asuba

Ban runtsa ba. Yaya ma haka, ina jin ƙarar tasbahanta.

Laraba, da hantsi

Yaya na lissafin sadakar arba'in, jibi Juma'a. Shinkafa akwai, gero akwai, mai Faruk zai kawo. Ta ce itace ne matsala, masu shiga daji sun daina, ɗaurin da ake samu ba ya dafa tukunya ɗaya.

Ina jin ta, idona na kan rumfa.

Na aika a kira mini Liman. Ya tsaya daga waje. Na ce ina roƙon a raba gado gobe, kafin sadaka, kuma a sa mini kujera cikin tumunina, rabon matar mamaci. Ya ce a wace ƙima, ta Alhaji ko ta waya? Na ce a ƙimar tumunin duka, kada kowa ya ce an kware shi.

Ya ce, "Asabe, kin san mi kike cewa? Tumuninki fadama ta. Ita ka ciyar da ke."

Na ce na sani. Na gaya masa abin da zan yi da ita.

Ya ce ɓarnar dukiya haramun ce. Na ce ba zubarwa zan yi ba, abincin sadaka za ta dafa. Ya ce, "Ke da ba ki yi nisa a karatu ba, ina kika samo wagga fatawa?" Na ji murmushi a muryarsa. Ya ce abin da ya zama nawa, nawa ne.

Alhamis, bayan la'asar

An raba. Mashkura ta samu rabinta, gidan na ciki, alhamdu lillahi. Fadamar ta faɗa wa Faruk da Yaya.

Ni da Malam munka tayar da kunyoyin fadamar nan shekarar da anka kawo ni, lokacin ba mu da kuɗin ɗan ƙwadago. Ni ke yi masa irin albasa a bayan ɗaki. Ba komi.

Da Liman ya ce kujera ta Asabe ce, Faruk ya kalli labulen da nake baya. Na san abin da ya zo masa, ya ɗauka na san wani abu ne na ɓoye. Na bari anka watse, na kira shi.

Na ce, "Gobe in an shafa fatiha, kafin mutane su tashi, ka fitar da ita ƙofar gida ka faskara ta. Ƙafa-ƙafa, kowa na gani. Duk mai waya shi ɗauka."

Ya ce, "Kujerar kakanmu?"

Na ce, "Tawa ta, tun ɗazu."

Ya ce ba zai iya ba, a nemi mai faskare. Na ce in baƙo ya yi, za a ce an haɗa baki da shi. Kai ka nuna wa duniya ita, kai za su yarda da hannunka. Ya sa kansa cikin gwiwa. Yaya ta ce, "Tashi ka wasa gatari, ƙirya ba ta jin lallashi."

Juma'a, da yamma

An cika. Har daga Dinawa an zo, har mutanen da Malam bai taɓa gaisawa da su ba. Na san abin da ya kawo wasu.

Ban gani ba, mai takaba ba ta zuwa ƙofar gida. Ina zaune a ɗaki na ji an shafa, na ji an ja kujerar a ƙasa ta cikin zaure. Sai hayaniya, sai muryar Liman yana cewa a zauna. Sai sara.

Na ɗauka sau kaɗan ne za a gama. Gatarin na dawowa kamar ana dukan dutse. Ina jin numfashin Faruk daga nan. Kowane sara sai na ji shi a haƙorana. Mashkura ta shigo ta kwanta a cinyata kamar ƙaramar yarinya, na toshe mata kunne, ni ba wanda ya toshe mini. Can na ji kujerar ta tsage, wani ya ce a'uzu billahi, wani ya yi dariya.

Yaya ta ce kowace ƙafa sai da ya raba ta biyu ya ɗaga sama, ya miƙa anka yi ta zagayawa da ita hannu-hannu. Wani ma har da cizawa. Itace ne ja wur har ciki, ko gara babu. Ƙusoshin tagullar yara sunka wawashe. Ta ce tafin Faruk ya fashe, jini a ƙotar gatari, yana yi hawaye na zuba, bai tsaya ba sai da ya gama da jinginar.

Anka shigo da ita cikin kwando biyu. Mata sunka tsaya cirko-cirko ba wadda ta taɓa. Na fito tsakar gida, na durƙusa gaban murhu, na jera da hannuna. Guntun gefen dama ya zo hannuna, mai santsin. Na riƙe shi. Mahbuba na kallona, matan unguwa duka na kallona. In na ɓoye ko tsinke, gobe a Achida an ce shi ne mai zinariyar.

Na sa shi a wuta.

Ba ta da hayaƙi. Ta dafa shinkafa tukunya uku, garwashin bai mutu ba har anka yi la'asar. Kowa ya ci. Ni ma Yaya ta matsa mini na ci loma biyu.

Asabar, da hantsi

Wayar ba ta yi ƙara ba. Mashkura dai gidan Liman ta kwana.

Litinin, da azahar

Faruk ya zo da hannu a naɗe. Ya ce hoton faskaren ya fi na farko yawo. Ya ce damina in ta wuce zai noma fadamar mu raba. Na ce Allah shi kai mu. Da zai tafi ya ce kunun da anka ba shi ya yi tsami, wa ya dama? Na ce wanda ya fi ƙarfin bakinka.

Ba abin da ya faru. Har yanzu in babur ya rage gudu sai in kasa kunne.

Alhamis, da safe

Mahbuba ta shigo da yaranta duka, ƙaramin har ya yi mini fitsari a tabarma. Tana ta kewaye-kewaye, na ce ta faɗi abin da ke bakinta.

Ta ce, "Kar ki ji haushi. A Achida jiya zancenki ake. Wai baƙin ciki ya taɓa miki kai. Wai kin ba da fadama sukutum kin karɓi itacen girki, yanzu ko akuya ba ki da ita, sai abin da ɗiya ta sammiki. Har a Goronyo, in mutum ya yi cinikin wauta sai a ce ya yi na matar Jelani." Ta ce ita ta tare wa wata, ta ce Asabe da hankalinta.

Na kama hannunta na ce, "Mahbuba, don Allah kar ki ƙara tare mini. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce abin ya fi haka. Ki ce ko gishiri sai kin sammini."

Ta ce, "To ai gaskiya ta, ranar nan ma ni na ba ki."

Munka yi dariya har Yaya ta leƙo ta ce mu ji tsoron Allah, gidan takaba ne.

Na aika a gaya wa Mashkura ta taho da kayanta.